Wai me za mu kira boila da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, dan Allah masu Hausa a baki ku matso, kalma nake nema kuma da gaske nake. Ni aikin famfo nake yi a nan Bauchi. Hajiyarmu wata biyu kenan tana Ingila, ta je wa ƙanwata wankan jego a Luton can kusa da Landan, toh daren Talata wajen ƙarfe ɗaya sai ga kiran bidiyo, ƙanwata ce ido ya yi ja, wai Yaya boila ta ɗauke, gida ya yi sanyi ƙalau ga jariri, maigidan kuma yana aikin dare sai safe. Ita tana riƙe da yaro yana ta tsala kuka sai ta miƙa wa Hajiya wayar, ni kuma na buɗe baki zan ce Hajiya je ki gaban boila sai na ji maganar ta maƙale, don Hajiya ba ta san wani abu wai shi boila ba. Ƙarshe cewa na yi farin akwatin nan na bangon kicin mai ƙaramin agogo a gaba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, akwati ne kamar ƙaramin firji a manne a bango, gas ke ci a cikinsa yana zafafa ruwa, wani ɗan injin turi yana kora ruwan ta fayif zuwa kowane ɗaki, a kowane ɗaki akwai faffadan ƙarfe a jikin bango da ruwan ke ratsawa, ƙarfen ya yi zafi ɗaki ya ɗumama, ruwan ya koma akwatin a sake zafafa shi. Ruwa ɗaya ne ke ta kewaya. A gidaje da yawa shi dai wannan akwatin ke ba da ruwan zafi na wanka da wanke-wanke, kun ga ranar da ya tsaya mai jego ba ɗumi ba wanka.

Da na fara tambaya jiya mutum kusan biyar sun ce ai hita ce kawai. Ban yarda ba. Hita a wurinmu ita ce wadda ake tsomawa a bokiti, ko tankin nan na bangon bayi, ka ce wa Hajiya hita ta lalace soket za ta je ta duba. Wani ya ce tukunyar gas, wannan kuma ta riga ta yi mai ita, silinda ce da muke kaiwa a cika mana. Can kuwa babu silinda, gas ɗin ta fayif yake shigowa gida kamar ruwan famfon da ke zuwa mana daga dam ɗin Gubi a nan Bauchi.

Wani malamin makaranta daga Azare ya kawo matafasi, ya ce tunda daga tafasa ruwa Turawa suka samo sunan, mu ma mu bi yadda muka samu mabuɗi da matsefi da magogi. Malam Allah ya ƙara ilimi, ginin kalmar ya yi kyau wallahi, sai dai a nan ne nake da magana mai tsawo. Abin nan ba ya tafasa ruwa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, shi kuwa yawanci tsakanin 60 da 80 yake tsayawa, tsohon suna ne ya bi shi tun zamanin injinan tururi. Kai ranar ma da ka ji yana ƙugi yana ɓararraka kamar butar shayi a kan wuta to ciwo ne, farin dattin nan da ruwa mai gishiri-gishiri ke bari a gindin buta shi ne ya taru a inda wuta ke dukan ruwan, sai ruwa ya kasa wucewa da sauri ya fara tafasa a wurin. Yankin Landan da Luton ruwansu daga ƙasar alli yake fitowa, suna fama da wannan sosai. Toh in muka sa masa matafasi, tsohuwa ta ji yana tafasa ai sai ta ce madalla yana aikinsa, alhali mai gyara ya kamata a kira. Ni ina tsoron sunan da zai kwantar wa mutum hankali a lokacin da ya kamata ya tashi.

Shi wannan farin dattin kuwa wata baiwar Allah daga Gombe ta ce a ce masa ƙanzon buta, na karɓa hannu bibbiyu, duk wanda ya taɓa kankare gindin tukunyar tuwo ya gane.

Bari in koma daren Talata don a can wata kalmar ta fito da kanta. Na ce Hajiya haska min agogon nan, ta haska, allurar ta kwanta ƙasa da 0.5, ya kamata in gidan ya huce ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Na rasa yadda zan ce presha ta sauka sai bakina ya ce Hajiya ta sace ne kamar taya. Nan take ta ce au, to a ina ake yi mata iska? Na ce ruwa ake yi mata. A ƙarƙashin akwatin akwai wani ɗan tiyo mai rigar ƙarfe fari da makunni biyu, na ce ta murɗa a hankali, ina jin ƙarar ruwan ta waya shuuu, allura na hawa na hawa, da ta wuce 1 kaɗan na ce rufe, rufe duka biyun Hajiya. Ƙanwata ta danna maɓallin tayarwa, wuta ta kama. Hajiya dai ni ɗan fari ne ba ta kama sunana, sai ta ce kai wannan, Allah ya yi maka albarka. Saboda haka agogon sunansa geji yadda masu faci ke faɗa, in allura ta faɗi a ce ta sace. Amma in kullum sai an ƙara mata ruwa to akwai inda take yoyo, a nemo shi.

Ƙarfen bangon ɗaki bai ba mu wahala ba, wani makanike ya ce lagireto ne, a ce lagireton ɗaki shikenan. In samansa sanyi ƙasansa zafi iska ce ta taru, akwai ɗan makulli da ake sassauta kusurwar sama da shi, iska ta yi ta fiii har ruwa ya ɗigo sai a ɗaure, makanikai sun ce bilidin kamar na birki, ni na fi son a ce fitar da iska. In kuma ƙasan ne sanyi sama zafi to guiɓi ne, tsatsa da laka sun kwanta, sai an wanke cikin.

Akwai kuma wani farin fayif na roba da ke fitar da ruwan gumin akwatin waje, tun 2005 sababbin da ake kafawa a Ingila kusan duk masu shi ne, in sanyi ya kai sifili yakan daskare ya toshe akwatin ya ɗauke. Ruwa mai ɗumi ake zuba masa a kai, ban da tafasasshe. Fayif ɗin gumi ya ishe shi suna.

Abu ɗaya da na ja wa ƙanwata kunne, kada kowa ya kwance murfin akwatin, a dokar can sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, ke taɓa ɓangaren gas. Harshen wutar shuɗi ya kamata ya zama, in ya koma rawaya ko ana ta ciwon kai da jiri a gidan a kashe a buɗe taga a fita, gubar nan ce marar wari irin ta kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, mu nan mun san abin da take yi wa mutane.

Toh sunan akwatin kansa. Wani ya ce maɗumami, ya dace da rubutu amma ya yi wa baki nauyi, kuma yara za su ja shi zuwa ɗumame. Da safe da na yi wa Hajiya bayanin yadda ruwan ke kewaya sai ta ce ashe gadon ƙasa ne irin na Turawa, wanda ake hura wa mai jego wuta a ƙarƙashi, sai dai nasu tukunya ɗaya ce ke raba wa ɗakuna ɗumi. Daga bakinta na ɗauka, tukunyar ɗumi. Tukunya ce don ruwa ne a ciki wuta a ƙasa, ɗumi ne aikinta, kuma duk wanda ya ji tukunyar ɗumi tana tafasa ya san ta wuce gona da iri. Tsarin gaba ɗaya da fayif da lagireto a ce ɗumin gida. Yawancinku kun amince, malamin Azare ma ya ce ya janye matafasi, na gode Malam.

Saura ɗan abin nan na bango da ake murɗawa zuwa 20 ko 21, in ɗaki ya kai nan ya kashe tukunyar in ya huce ya kunna ta. An ce ma'aunin zafi, amma wannan na asibiti ne, aunawa kawai yake yi ba ya ba da umarni. Hajiya dai mai gadi take ce masa. Masu wata shawara ina jira, gobe Juma'a bayan masallaci zan tura wa ƙanwata sunayen ta rubuta a takarda ta manna a jikin tukunyar.