Mazda RX-7 tana shaƙewa in an taka totur

Salamu alaikum, iyayen gida masana kafireto. Mazda RX-7 ce ƙirar 1983 a nan Gombe, injin 12A mai rota biyu (rota ce ke juyawa a cikin injin a madadin fistan), kafireto Nikki mai maƙogwaro huɗu. Silo daidai yake a juyi 750 a minti, amma da zarar ta haura 4,000, inda maƙogwaro biyu na baya ke buɗewa, sai ta shaƙe, ƙarfi ya zube.

An wanke jet (ƙananan ƙofofin mai na kafireto), an sauya filtar mai da fulogi huɗun, mai kuma yana tsakiyar gilashin duba kwanon mai biyu na kafireton. Matsin iska lafiya a kowace fuskar rota, don haka ban zargi apex seal (abin da ke toshe iska a kusurwoyin rota) ba. Na fi zargin robar da iska ke ja ta buɗe na bayan, ko famfon mai da ke gazawa in an matsa. Wanne zan fara gwadawa, kuma ta yaya?