Wace kalma za mu ba "lynching" da Hausa, wato taron jama'a su kashe wanda suke zargi ba tare da shari'a ba?

1/ Jiya da daddare a teburin mai shayi a Ƙofar Nassarawa gardama ta kaure kan wannan kalma. Gidajen rediyo kan ce "ɗaukar doka a hannu". Ni dai ban gamsu ba.

2/ Mai gidan da ya watso wa ɗan haya kaya waje, shi ma doka ya ɗauka a hannu. To shi da masu rataya wa mutum taya su cinna wuta, sunansu ɗaya? Wace doka ce ma a hannun nasu? Ba alƙali, ba shaida, sai ihu.

3/ Wani dattijo ya ce "kisan gilla". Na ce, Baba, da gaskiyarka, sai dai mutum ɗaya ma yana yin gilla. Taron bai fito ba.

4/ Ta Turancin sunan mutum ce, ana danganta ta da Charles Lynch na Amurka, wajen 1780. Ba sai mun ara ba.

5/ Tawa shawarar: KISAN RUBDUGU.

6/ Dubi yadda abin ke faruwa a Kano. Ƙwacen waya aikin gungu ne: akwai ɗan daba mai wuƙa, akwai mai ja musu adaidaita sahu, akwai mai saye a ɓoye. Mutane sun gaji, ga ƙorafin cewa wanda aka miƙa wa hukuma jiya, yau ga shi yana yawo a unguwa. Sai haushin ya sauka kan wanda ya shiga hannu, a ƙone babur ɗin, mai sayen kuwa ko ƙwarzane. Wani sa'in ma ɓarawon ne ke fara ihun "ɓarawo!" don ya sulale.

7/ Ba mu manta Uromi a jihar Edo ba, Maris 2025. Mafarauta 16 kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa gida yin Sallah, aka gan su da bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe su. Allah Ya jiƙansu.

8/ An kawo "taron dangi". Ban ƙi ba, amma masu jifan nan galibi ko sunan juna ba su sani ba.

9/ Mai shayin ya ce ai ana yin rubdugu a tashi da rai. Shi ya sa na sa "kisan" a gaba. In an ƙwace shi da sauran numfashi, rubdugu aka yi masa kawai.