Hitar gas da yayana ya aiko daga Landan: in haɗa da kaina ko in kira mai gyara?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Yayana da ke Landan ya saka mana hitar ruwa mai aiki da gas a cikin kayan da ya aiko nan Kumasi ta tashar jiragen ruwa ta Tema, saboda tsohuwarmu. Ƙafafunta ba sa son ruwan sanyi, ga hunturu ya kusa, kullum sai an tashi kafin asuba an dafa mata ruwan alwala da na wanka. Mun gwada ta lantarki, kuɗin mita ba ya kwana biyu. Gidan haya muke, mu da makwabta da yawa tsakar gida ɗaya. Ina ɗan taɓa aikin famfo. Niyyata in kafa ta a bangon waje, silinda ma a waje, bututun ruwa kaɗai zai shiga banɗaki. Tambayata biyu ce: akwai dokar da ta hana mutum ya haɗa wa kansa? Sannan a jikinta an rubuta G20, me ake nufi da shi?

Mai Shayin Alabar: Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura ka sa silinda a cikin banɗaki. Shawarata ke nan.

Ɗan Aboabo: Yaya, ai na ce a waje zan sa.

Direban Kejetia: Kira mai gyara kawai. Sidi 300 aka haɗa wa maƙwabcina tasa a Tafo, har da tiyo.

Hajiyar Asawase: Ɗana, ka saurare ni, don ni abin ya faru a gidana. Bara waccan mijina ya sayo irin wannan hita, wani yaro da ke gyaran murhu a unguwa ya zo ya liƙa ta a cikin banɗaki, saman famfo. Tagar banɗakin ƙarama ce, mu kuma muka toshe ta da kwali saboda ƙurar hunturu. Duk wanda ya yi wanka sai ya fito da ciwon kai, muna cewa zazzaɓin sauro ne, har magani muka saya. Wata ranar Juma'a 'yata ta shiga tana wanke gashi, ta daɗe. Na ƙwanƙwasa, shiru. Ƙannenta suka ɓalle ƙofa, muka same ta kwance a ƙasa, ruwa yana zuba a kanta. Ba warin gas, ba wuta, ba hayaƙi, ba komai. A asibiti ne likita ya ce iskar kabon monoksaid ce, wadda wuta ke fitarwa idan ba ta samun isasshiyar iska, kuma hanci ba ya jin ta. Allah ya tashe ta, amma ta yi watanni tana fama da mantuwa, jarrabawar da take shirin rubutawa ma ba ta rubuta ba. Yaron da ya haɗa kuwa cewa ya yi shi aikinsa bai zubar da gas ba, don haka ba laifinsa ba ne. Har yau in na gan shi a hanya zuciyata tafasa take.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Jikina har rawa yake.

Mai Shayin Alabar: Amin. Kun ga abin da nake faɗa.

Direban Kejetia: Hajiya, Allah ya kiyaye na gaba. Amma ai labarinki ya nuna kiran mai gyara ma ba shi ne tsira ba.

Hajiyar Asawase: Wannan ba mai gyara ba ne, mai neman na koko ne. Kuma ba sidi 300 ba, 800 ya karɓa a wancan lokacin.

Mai Walda na Magazin: Ku bari in amsa wa yaron abin da ya tambaya. G20 na nufin an ƙera ta don gas ɗin bututu da ake jawo wa gidaje a Ingila. Namu na silinda daban ne, lambarsa G30 ko G31. Ramin da gas ke fitowa a ta bututu ya fi faɗi, in ka jona mata silinda gas zai yi yawa, wutar ta koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗiya, ta yi baƙin toka, ta fitar da wannan iskar da ta kwantar da 'yar Hajiya. Sai an sauya mata kawunan da gas ke fitowa ta cikinsu, in ana samun nata. Kuma ka duba ko irin babbar nan ce mai ɗumama ɗakuna, don ita tana buƙatar lantarki da ruwa mai ƙarfi. Ruwan tankin da ke kan rufin gidan haya ba lallai ya iya kunna ta ba.

Baban Landan: Gaskiya ya faɗa. Ni nan nake zaune. A Ingila duk mai karɓar aikin gas dole sunansa ya kasance a rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Mai gidan haya ma dole ya sa a duba masa kayan gas duk shekara, a ba shi takarda. Ban san me ya sa 'yan'uwanmu ke kwaso tsofaffin da aka cire suna aikawa gida ba. Wanda aka cire, da dalili aka cire shi.

Direban Kejetia: Baaba, nan Kumasi ne ba Landan ba. Ku da ko ƙwan lantarki ba ku sauyawa sai da takarda.

Baban Landan: Gas ɗin bai san Kumasi da Landan ba, ɗana. Kashewa ɗaya yake yi.

Mai Shayin Alabar: Shi kuma mai walda yaushe ya zama injiniyan gas?

Mai Walda na Magazin: Tun kana goye nake aiki da silinda a Suame, Yaya. Kai gas ɗinka iyakarsa tafasa buta.

Ɗan Sabon Zango: Maganin duk wannan rigima, Ɗan Aboabo ya yi aure, amarya ta riƙa dafa wa tsohuwa ruwa. Ba G20 ba G30.

Maman 'Yan Biyu: Wato mace ce hitar ko? Allah ya shirye ka. Ɗan Aboabo, abin da ba wanda ya ambata shi ne mai gidanku. Ka tambaye shi? Gidan mutane da yawa ne, in wani abu ya faru kai za a riƙe, ba yayanka na Landan ba. Kuma bangon waje a gidan haya ai nan ne mata ke hura gawayi, nan yara ke wasa. Gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake bi, ya taru a kwata, ya tarar da murhun wata. Ka je ofishin 'yan kwana-kwana ka yi tambaya, su ne masu ba da shawara kan irin wannan. Lambarsu 192, ko 112.

Mai Walda na Magazin: Kuma kada ka sa mata regileta ta masu sayar da waakye (shinkafa da wake), mai ƙarfi ce, hita mai saukar da ƙarfi take so. In an gama haɗawa a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ba ashana ba, don na ga masu gwadawa da ashana. Wanda ya san aikin ba zai karɓi ƙasa da sidi 1,500 ba in har da sauya kawuna.

Direban Kejetia: 1,500? Ai gara ya sayi sabuwa a Adum.

Hajiyar Asawase: Wa ma zai iya ciyar da ita gas? Silindata mai kilo 14.5 da tana kai ni wata biyu, yanzu da ƙyar take wuce sati shida, girki ɗaya, tukunya ɗaya. Ba sa cikawa.

Mai Shayin Alabar: Yauwa Hajiya, yanzu kika zo wurin. Sidi 250 na biya makon jiya, na kawo gida na ɗora a sikelin mai masara, sai da na rasa kilo guda.

Ɗan Sabon Zango: Ni 220 na cika tawa. Ina kake zuwa?

Mai Shayin Alabar: Wataƙila taka ce ba a cika ba.

Baban Landan: Ba an ce za a koma musayar silinda ba? Tun fashewar gidan gas na Atomic Junction a Accra a 2017 hukumar man fetur ta ƙasa, NPA, ke maganar a daina cikawa a tsakiyar unguwa, mutum ya kai tasa ya karɓo cikakkiya.

Maman 'Yan Biyu: Baaba, ni abin da ke damuna da tsarin ke nan. Sabuwar silinda na saya da kuɗina, ina goge ta, ba ta taɓa kwana a ruwan sama ba. In kai ta a ba ni ta wani? Kuma ranar da sidi 50 kaɗai gare ni fa? A wurin cikawa ana zuba mini na 50 in dafa abincin dare.

Mai Walda na Magazin: Amma aƙalla a can ana gwada silinda kafin a cika. Kin san nawa ake kawo mini in toshe musu ƙasanta da ya ci tsatsa? Korarsu nake yi.

Hajiyar Asawase: A fara gyara sikelin tukuna.

Ɗan Aboabo: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Hajiya, Allah ya ba ƙanwata lafiya. Na sake dubawa, tana da waya ta lantarki da bututu biyar a ƙasa. Mai walda, wannan babbar ce da ka faɗa? Kuma maganar doka har yanzu ba wanda ya ce mini komai.

Direban Kejetia: Mai shayi, wane gidan gas ne ya rage maka kilo? Turo mini ta waya, don gobe zan kai tawa.