Shawarwari kan jami'o'in Amurka da kyautar Heisman

Mun daɗe muna muhawara kan yadda za a gane ɗan wasan da zai kai ga kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a jami'o'i tun 1935. Ga abin da na tsinta.

Da yawa sun ce kada yawan kofunan jami'a ya ruɗi mutum. USC, wato Jami'ar Kudancin California, ce kan gaba da kyautar Heisman 8, bayan an mayar wa tsohon ɗan wasanta Reggie Bush tasa a 2024, wadda ya rasa a baya, sai Notre Dame da Ohio State da Oklahoma da 7 kowacce. Amma rabon Notre Dame da ita tun 1987, lokacin Tim Brown. Alabama kuwa, duk da tsohon sunanta, ba ta taɓa samu ba sai 2009, sannan ta ƙara uku zuwa 2021.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce a bi koci. A hannun koci Lincoln Riley ne Baker Mayfield da Kyler Murray suka ci a Oklahoma, 2017 da 2018. Da Riley ya koma USC, Caleb Williams ya bi shi, ya ɗauka a 2022.

An kuma ja kunne cewa masu jefa ƙwallo (quarterback, jagoran kai hari) ke da rinjaye, kuma dole ƙungiyar ta riƙa cin wasa. Paul Hornung kaɗai, a 1956, ya ci alhali ƙungiyarsa ta sha kashi fiye da yadda ta yi nasara. Masu tsaron baya dai ana tauye musu haƙƙi, abin yana damuna.