Don Allah a taimaka, 'yar magen da muka tsinta tana ta zawo

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu kiwon mage ku ba ni shawara, wlh hankalina a tashe yake. Shekaranjiya ƙanina ya dawo daga makarantar dare ya shigo da 'yar mage a kwalin taliya, wai a bayan shagon mai gawayi na layinmu ya same ta tana ta kuka, uwar ta mutu ana zargin ɓeran da ya ci guba ta kama, 'yan'uwanta biyu ma sun bi ta, ita kaɗai ta rage. Ƙarama ce sosai tafin hannuna ya ishe ta zama, idonta a buɗe yake shuɗi-shuɗi, tana tafiya amma da tangaɗi, in na sa yatsa a bakinta ina jin 'yan haƙora kamar ƙaya. Kala uku gare ta, fari da baƙi da ruwan goro. Na dama mata madarar gari irin ta shayi ta lasa kaɗan, jiya kuma na ba ta nono da ɗan tuwo da na mutsuke, to tun dare take zawo ruwa-ruwa, yau da asuba na taɓa ta na ji jikin sanyi, kukan ma ya yi ƙasa. A tsakar gida take kwana don Hajiya ta ce ba za a shigar mata da ita ɗaki ba gashin mage yana sa tari. Me zan ba ta? Ko in ɓallo mata ɗan farasitamol? Ba na so ta mutu a hannuna.

Maman Biyu:
Wa alaikissalam. 'Yar'uwa kafin komai tashi yanzu ki ɗauko ta daga tsakar gidan nan. A hunturun nan sanyi zai riga zawon kashe ta, don ɗan mage da bai kai wata ɗaya ba ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, da jikin uwa da na 'yan'uwa yake ɗumama. Ki zuba ruwan ɗumi a gorar roba ki naɗe da tsohon zani ki sa a gefe ɗaya na kwalin, ki bar mata ɗaya gefen ta matsa in zafi ya ishe ta, ko ki sa ta cikin rigarki ma har ta ɗumama a hankali. Kada ki ba ta komai tana sanyi, cikin ba ya aiki a lokacin, abin da kika ba ta zama zai yi kawai. In ta yi laushi sosai ki shafa mata ɗan ruwan suga ko zuma a dasashi da yatsa.

Yadda kika kwatanta ta ba ta wuce sati 3 zuwa 4 ba, kuma mace ce kusan tabbas, masu kala ukun nan da wuya ka ga muzuru a cikinsu. Madarar gari da nonon ki daina. Akwai madarar da aka yi musamman don jariran mage, ki tambaya shagunan da ke sayar da maganin dabbobi. Kafin ki samu, ni abin da na ba nawa 'yan magen har tsawon kwana biyu shi ne nonon akuya da na tafasa ya huce na kaɗa kwanduwar ƙwai a ciki, amma na wucin gadi ne fa ba abin ɗorewa ba. Ki sayi sirinji a kemis ki cire allurar, ki kwantar da ita a kan cikinta kamar yadda take shan uwa, kada ki kwantar da ita rigingine irin jaririn mutum, madarar sai ta bi ta huhu. Ta gefen baki za ki riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan tana haɗiya, kamar mil 10 zuwa 15 duk bayan awa 4 har da dare, ki gwada a bayan hannunki tukuna ya zama ɗumi ba zafi ba. In ta gama ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa mata ƙasan wutsiya, aikin da uwar take yi da harshe ke nan don ta yi fitsari da kashi. Akwai wahala gaskiya, na yi sati biyu ina tashi cikin dare, amma da wuri yake wucewa.

Na Ƙauye:
Ni dai ban gane wannan doguwar hidima ba. A garinmu mage nono take sha da ragowar tuwo da ƙashin kifi kuma suna nan lafiya lau har su tsufa, ban taɓa ganin wanda ya saya wa mage madarar kanti ba. Ba rai tara gare ta ba?

Ɗan Samaru:
Na Ƙauye abin da ka gani gaskiya ne amma ba irin wannan ba ce. Waɗancan sun sha uwarsu wajen wata biyu, kuma ainihin abincinsu ɓera ne da ƙadangare da fara da suke kamawa, tuwon ƙari ne kawai. Wannan marainiya ce ko farauta ba ta sani ba. Nonon saniya yana da wani nau'in suga da yawa da cikinta ba ya narkarwa da kyau, shi ne zawon, sannan sinadarin gina jikin da ke ciki bai kai na nonon mage ba.

'Yar Gwammaja, ni ɗalibi ne a ɓangaren likitancin dabbobi, kuma maganar farasitamol ɗin nan ce ta sa na tsaya na yi rubutu. Kada ki ba ta ko ɓarɓashi. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, yana lalata jini, ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar mage balle wannan. Haka albasa da tafarnuwa suna fasa musu ƙwayoyin jini, don haka miyar gida ba nata ba ce. In kin ga ƙuma a jikinta kada ki sa mata fiya-fiya ko kananzir ko maganin kaska na karnuka, da yawansu guba ne ga mage, ki sa matsefi mai ƙananan haƙora ki tsefe su ki jefa a ruwan sabulu. In an fesa maganin sauro a ɗaki a fita da ita sai warin ya tafi.

Zawo a jariri irin wannan ba a kwana biyu ana kallonsa, ruwan jikinta ƙarewa yake da sauri. Yau ɗin nan ki kai ta asibitin dabbobi, tunda a Kano kike akwai na Gwale, mu nan Zariya muna da asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello. Za su auna ta su ba ta maganin tsutsar ciki daidai nauyinta, kusan duk 'yan magen titi suna da ita, kuma ana maimaitawa duk sati 2. Rigakafin farko sai ta kai wajen sati 8, a ƙara wani bayan sati 3 ko 4, na haukan kare kuma a wata 3, shi kam kada a yi wasa da shi saboda yaran gida. In kina da ɗan sikelin kicin ki riƙa ɗora ta kullum, mai lafiya tana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, in kin ga kwana biyu ba ƙari to da matsala.

Da zawon ya tsaya ta cika sati 4 sai ki fara haɗa mata madarar da dafaffen naman kaza marar gishiri marar magi, ki daka ya yi laushi kamar kunu, ko abincin gwangwani na 'yan mage wanda shi ya fi don an haɗa komai a ciki. Zallar nama ba ya isa ƙashinta ya yi ƙwari, hanta kuma kaɗan a sati. Kifi a cire ƙaya tas. Ki zuba mata yashi a tsohon faranti mai ɗan zurfi ki riƙa ɗora ta bayan ta ci don ta yi kashi da fitsari a ciki, da kanta za ta gane, amma in akwai mai juna biyu a gidan kada ita ta riƙa kwashe yashin.

Baba Malam:
Allah ya ba ki lada 'yata. Maganar Hajiya ki bi ta da lallashi, gidanta ne. In akwai mai asma a gidan to tana da hujja, gashin yana tayar wa wasu. In kuma ƙyama ce, ki tuna mata hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya ce Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Da kuma matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, yana cikin Buhari da Muslim. Ba sai ɗakin Hajiya ba, ko sito ko lungun kicin da iska ba ta shiga ya wadatar.

'Yar Gwammaja:
Na gode ƙwarai wlh, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sa mata gorar ruwan ɗumin, bayan kamar awa ɗaya ta fara motsi tana neman yatsana. Ni da ƙanina mun kai ta asibiti an auna giram 340, sun yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata sun ba ta na tsutsa, madarar ma mun samu duk da ta yi tsada. Baba Malam na karanta wa Hajiya abin da ka rubuta, ta yarda a sa kwalin a sito, ita ce ma ta ba ni tsohon bargo. Ɗazu ta sha mil 12. Maman Biyu don Allah madarar da na dama ta ragu, zan iya ajiyewa zuwa dare ko sai na dama sabuwa? Ba mu da wuta tun jiya firij ɗin ba sanyi.

Maman Biyu:
Zubar da ita, ki riƙa dama daidai wanda za ta sha a lokacin. Ki tafasa ruwa ki zuba a fulas saboda na dare, sirinjin kuma ki wanke da ruwan zafi duk bayan sha.