Ƙarar shen da asuba a Corolla: in bari a buɗe inji?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Corolla ce gare ni ƙirar 2006, mai injin 1ZZ, da ita nake jigila tsakanin Maradi da Tasawa. Yau sati uku ke nan, in na tayar da ita da asuba sai in ji kar-kar-kar ta ɓangaren kurwa, wato bel ɗin inji, kamar ana jan sarƙa cikin tasa. Daƙiƙa biyu ko uku ta yi shiru, in ta yi zafi kuma ba ka jin komai. Jiya muna wajen Gazawa fitilar inji ta kama. Na kai ta wani gareji, mutumin kunne kawai ya kara, ya ce shen, wato sarƙar da ke cikin inji, ta miƙe, in kawo jikka 90 a buɗe gaban inji. Iyakar abin da na tara ke nan. In ba shi?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Kunne shi kaɗai bai isa ya yanke wa shen hukunci ba.

Fara da abin da ba ya cin ko dala. A cire kurwa, a tayar da motar da sanyi na ɗan lokaci kaɗan. In ƙarar ta ɓace, to ba shen ba ce, tander ɗin kurwa ne, wato abin da ke ɗaure ta, ko wani fuli da take bi ta kansa, kuma injin nan ya saba da wannan ciwon. In tana nan, ɗauko dogon sukudireba, ka ɗora bakinsa a murfin shen, ƙotar a kunnenka. Ka kula da babbar riga, kada inji ya fizge ta.

Sai man inji, kuma nan nake zargi. Shen ba ta ɗaure kanta. Tander ne ke tura patan, wato sandar da shen ke jingina a kanta, ya matse ta, shi kuwa da ƙarfin mai yake aiki. Haka gear ɗin VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da ke kan kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin. Mota ta kwana, mai ya sauka ƙasa, da safe kafin ya hau sai su yi ta kaɗawa a bushe. Shi ya sa kake jin ta daƙiƙa uku kawai. In shen ta miƙe da gaske, za ka ga mota ta rage ja, tana wuyar tashi. Wane mai kake zubawa? In na kwalba ne na bakin hanya, faɗi gaskiya. 5W-30 aka tsara wa injin, mu kuma nan kowa 20W-50 yake ɗurawa wai don zafi. Buɗe murfin mai ka haska da tocila. In ka ga baƙin abu ya daskare kamar kwalta, ka ga mai laifi.

Abin daɗi a 1ZZ, tander ɗin shen daga waje ake cire shi, ta bayan murfin, noti biyu ne kawai. Akwai kuma ƴar mitsitsiyar rariya kusa da bawul ɗin mai na VVT-i, ta kan toshe da dauɗa. Da yawa cikin yaranmu ba su ma san tana nan ba.

Mai Kwamfuta Zariya:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: tunda fitila ta kama, a sa mata kwamfuta kafin a taɓa komai. In P0016 ta fito, ma'anarta kamshaf da karanshaf, sanduna biyun da shen ke haɗawa, ba sa tafiya daidai. Shen na kawo ta, amma toshewar rariyar nan ma na kawo ta. Kada a goge lambar kafin ka rubuta ta.

Direban Dakwaro:
Ni dai kada ka yi sakaci irin nawa. Wata biyu ina jin tawa ina cewa gobe, har shen ta tsallake haƙora, fistan ya daki supaf, wato bawul, sai da aka sauke kulas, wato kan inji. In ta kai ga canji, sayi saiti duka, shen da patan da tander. Kuma ka tsaya a kansu ka ga ƙwayoyin shen masu launi sun zauna kan alamomin gear. Haƙori ɗaya aka kuskure, aiki ya dawo sabo.

Ɗan Mokoyo:
Allah ya saka da alheri. Baba, ka kama ni, na kwalba nake zubawa, rabona da bidanji, wato canjin man inji, kuma tun kafin azumi. An cire kurwa, ƙarar tana nan. P0016 ce ta fito. Rariyar da aka zaro ko haske ba ya ratsa ta. An wanke ta da esans, an sa sabon tander da filta da mai na galan. Fitila ta mutu, kwana biyu ba ta dawo ba. Amma yau da asuba na ɗan ji ƙarar, sau ɗaya, gajeruwa.

Tsohon Bakanike:
To wannan ya fi kama da gear ɗin VVT-i, ɗan makullin cikinsa ne ke sakewa. Yi tafiya uku ko huɗu zuwa Tasawa, ka sake bidanji da wuri don ragowar dauɗar ta fita. In fitilar ta dawo, lokacin ne za a ɗaga murfin sama a duba shen da ido. Ka ɗauko mini sautin a waya gobe da asuba, kafin ka taka totur.