An sallame ni daga aiki saura wata 16 in kai Medicare (inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta masu shekara 65), me kuke ganin zan yi da inshora? (Yunin 2020)

Baban Auta, Bronx:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina bin hirarku ban cika sa baki ba, yau dai lalura ce ta fito da ni.

Shekara 19 ina aiki da wani kamfani mai kai abinci ofisoshi da wuraren taro a Manhattan, ni ke kula da sito. Tsakiyar Maris 2020 da korona ta rufe gari aka ce kowa ya zauna gida tukuna, inshora ba za ta tsaya ba. Makon jiya wasiƙa ta iso: an sallame mu baki ɗaya, inshorar lafiya kuma ranar 30 ga Yuni za ta yanke. An haɗo da takardar COBRA, tsarin ci gaba da inshorar wurin aiki bayan sallama, wai in ina son ci gaba da ita in riƙa biyan dala 1,740 duk wata, ni da maiɗakina da autarmu mai shekara 16. Abin da ke shigo mini dala 504 ne a mako na marasa aiki, sai ƙarin 600 ɗin nan na korona a kowane mako da zai ƙare ƙarshen Yuli. Maiɗakina kitso take yi, shago a kulle tun Maris.

Watan Nuwamba zan cika 64. Ina da ciwon suga, insulin nake yi safe da dare, ga hawan jini. Ni ɗan ƙasa ne, maiɗakina kuma girin kad (katin zama na dindindin) gare ta. Abu uku ke mini yawo a kai: in ciro daga ajiyar ritaya ta 401(k) in biya COBRA har in kai 65, ko in fara karɓar fanshon gwamnati na Social Security yanzu, ko mu tattara mu koma Kano tunda gini saura fenti da tayil. Har yau ban gaya wa mutanen gida ba, ina ta tura abin da na saba. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka.

Anti Nas, Harlem:
Wa'alaikumus salam Baba. Allah Ya musanya da mafi alheri. Kafin komai, yau ɗin nan ka kira likitanka ya rubuta maka maganin wata uku, ka karɓo kafin 30 ga wata, tun katin na aiki. Insulin, alluran, tsinken gwajin suga, maganin hawan jini, duka. In akwai gwajin ido ko na ƙoda da aka ce ka yi kana ɗagawa, a yi shi cikin kwanakin nan.

Sannan ina roƙonka, kada ka fara rage allura don magani ya daɗe. A watan Afrilu da idona na ga yadda cutar nan ke kayar da masu suga, musamman waɗanda sugan ya hau ba a kula ba. Da yawansu dattawa ne masu kunyar su ce ba su da kuɗin magani.

Mai Lissafi:
Alhaji, aikina cike wa mutane takardun haraji ne, kuma irin lissafinka ya yi ta zuwa teburina tun Afrilu. A cikin ukun da ka lissafa babu wanda zan ce ka fara da shi. Akwai na huɗu da ba ka ambata ba, wato Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi.

Ga yadda yake. A New York, wanda bai kai 65 ba, abin da ake dubawa kuɗin da ke shigowa gidan ne a wata, ba ajiya ba. Iyaka ita ce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, wanda a 2020 ga gida mai mutum uku ya kama kusan dala 2,500 a wata. Naka 504 a mako bai kai 2,200 a wata ba. Ƙarin 600 ɗin kuwa dokar CARES ta watan Maris ta ce ba a sa shi a lissafin Medicaid. Ka ga ke nan bisa abin da ka rubuta kana ƙarƙashin layi, kai da Hajiya da auta. Kuɗin da ke kwance a 401(k) ba ruwansu da shi muddin ba ka taɓa ba.

Nan ne tarkon yake. Ranar da ka ciro daga 401(k), abin da ka ciro ya zama kuɗin shiga, ga haraji a kai. Haka ma Social Security, ana ƙirga shi. Wato ka ciro kuɗi don biyan inshora mai tsada, cirowar kuma ta fitar da kai daga wadda za ka samu kyauta. Dala 1,740 sau wata 16 ya doshi dala dubu 28. Kuɗin tsufanka ne wannan.

Game da fara Social Security: haihuwar 1956 cikakken lokacinsa shekara 66 da wata 4 ne. In ka fara a watan Yuli za a zaftare kusan kashi 18 cikin ɗari, kuma ragin ba ya dawowa har ƙarshen rayuwa. In ka riga Hajiya tafiya, Allah Ya ja kwana, abin da za ta gada daga ciki shi ma ragaggen ne. Ban ce haramun ne ba, wani lalura na sa shi, amma ba a watan farko ba.

Ka shiga NY State of Health, shafin inshorar lafiya na jihar New York, ko ka nemi ma'aikatan Navigator, su ke cike wa mutane takardun kyauta ta waya. Duk wanda ya ce ka biya shi kafin ya cike maka, ka ajiye wayar.

Ɗan Gwarzo:
Baba ka fito da mota kawai ka fara Uber, mu ma da ita muke rufin asiri. Zama ba naka ba ne.

Anti Nas, Harlem:
Haba Ɗan Gwarzo. Mai shekara 63 da suga za ka kulle cikin mota da baƙi suna tari a bayansa? Kai jininka da sauran zafi. A bar Baba a gida tukuna.

Baban Auta, Bronx:
Na gode ƙwarai. Malam Mai Lissafi, gaskiya Medicaid ta zo mini a rai na ture. Tun da na shigo ƙasar nan ban taɓa miƙa hannu ga gwamnati ba, sai yanzu da furfura? Kuma ana ta cewa tun Fabrairu duk wanda ya karɓa za a hana iyalinsa takarda. Hajiya na shirin neman zama 'yar ƙasa, ba na son in ɓata mata.

Lauya Bilki, Newark:
Baba, dokar da kake nufi, mai duba ko mutum zai dogara da tallafin gwamnati, ta fara aiki 24 ga Fabrairun 2020, kuma ta firgita mutane fiye da inda ta kai. Waɗanda ta shafa su ne masu neman girin kad ko neman shigowa ƙasar. Kai ɗan ƙasa ne, ba ta taɓa ka. Mama kuma ta riga ta mallaki katinta, kuma ba a yin wannan gwajin wajen neman zama ɗan ƙasa. Inda za ku yi hattara shi ne tafiya: mai girin kad in ya wuce kwana 180 a waje, ana iya ɗaukarsa a matsayin mai neman shiga sabo idan ya dawo, in ya zarce shekara kuma katin kansa na cikin haɗari. Don haka maganar komawa Kano ta fi Medicaid barazana ga takardar Mama. Ku bari ta yi rantsuwa ta karɓi fasfo, sai a yi zancen tafiya.

Batun miƙa hannu kuwa, ka ɗauko takardar albashinka ko ta wane wata ka duba abin da aka yanka na haraji. Shekara 19 kana zubi.

Alhaji Ɗan Zango, Columbus:
Ƙanena, ni na girme ka da shekara shida, kuma na yi abin da kake tunani. Na koma Kumasi bayan na ajiye aiki, na yi wata takwas na dawo. Ba don gida ba daɗi ba, wallahi ko tuwon safe kaɗai ya isa ya riƙe mutum. Amma Medicare ba ta biyan ko kwabo a asibitin Kumasi ko na Kano. Komai daga aljihu, kuma in mutane sun ji daga Amurka kake farashi ya canza. Insulin na son sanyi. Ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu sai ka ga dattijo na yawo da kula yana neman ƙanƙara a unguwa. Inshorar gwamnati ta can Najeriya kuwa yawanci ma'aikatanta take ɗauka, ba irinmu da muka tsufa a waje ba.

Yanzu ma ta ina za ka bi? An rufe filayen jirgin Najeriya ga jiragen waje ranar 23 ga Maris 2020. Kuma ka ji yadda aka yi ta binne dattawa a Kano cikin Afrilu. Fenti da tayil za su jira ka.

Mai Lissafi:
Ƙarin bayani kan COBRA, don kar a ce na yar da ita gaba ɗaya. Kana da kwana 60 ka yanke shawara, a 2020 ma an tsawaita wa'adin saboda annoba. In ka karɓa daga baya tana komawa ta rufe tun daga ranar da inshorar ta yanke, sai dai ka biya kuɗin watannin duka. Saboda haka kar ka sa hannu cewa ba ka so, kar kuma ka biya. Ka ajiye takardar a aljihun tebur, in wani abu ya faru kafin sabuwar inshora ta fara, ita ce madogara. Amma ka sani, in kamfanin ya durƙushe ya soke inshorar ma'aikatansa gaba ɗaya, COBRA ta mutu tare da shi. Kamfanin da ke dafa wa ofisoshin da babu kowa ciki, ni ba zan jingina wata 16 a kansa ba.

Idan kuma lissafi ya nuna kun ɗan haura layin Medicaid, misali Hajiya ta koma shago, akwai Essential Plan, inshora mai sauƙi ta jihar, wadda a 2020 dala 20 ce a wata ko kyauta, sai kuma inshorar kasuwa mai tallafi. New York ba ta yarda a ƙara wa mutum kuɗin inshora don tsufansa ba, wanda a yawancin jihohi ana yi.

Sani Houston:
Masu karatu daga wasu jihohi a kula, wannan lissafin na New York ne. Mu nan Texas ba a faɗaɗa Medicaid ba, babba marar naƙasa da wuya ya samu. Wanda aka sallama a nan kwana 60 gare shi ya shiga HealthCare.gov, shafin sayen inshora na gwamnatin tarayya, in ya wuce sai ƙarshen shekara.

Maman Ihsan:
Baba ka yi haƙuri, ni 'yarka ce amma zan faɗa. Kowa na ta lissafin dala, ni abin da ya tsaya mini shi ne kana tura kuɗi gida kamar ba abin da ya faru. Daga ina? Daga 600 ɗin da saura mako shida ya ƙare? Mahaifina haka ya yi a 2009, ya ɓoye, ya ci bashin kati yana aikawa, mu muka biya daga baya. Ba sai ka yi shela ba. Ka kira babba ɗaya a gidan, wanda bakinsa ke da nauyi, ka ce masa aiki ya tsaya, za a rage zuwa kaza har Allah Ya kawo mafita. Su ma suna jin labarin New York a rediyo, watakila ma kunyar tambayarka suke. Na abinci da na maganin tsofaffi a ci gaba, na biki da gini a dakata.

Alhaji Ɗan Zango, Columbus:
Yarinyar nan ta faɗi gaskiya. Na kuma tuna wani abu, ka rubuta a kalanda: ƙofar rajistar Medicare ɗinka za ta buɗe Agustan 2021, wata uku kafin watan haihuwarka. Ka yi a lokacin don ta fara 1 ga Nuwamba. Wani abokina ya zauna kan COBRA yana ganin ya tsira, bai yi rajistar Part B ba, wato sashen Medicare mai biyan ganin likita, yanzu tarar kashi 10 cikin ɗari yake biya duk wata har abada. Kuma Medicare ta mutum ɗaya ce, ba ta ɗaukar mata ko 'ya. Shekarar Hajiya nawa?

Baban Auta, Bronx:
58, Yaya. Wallahi duk zatona in na shiga ta shiga.

Na karɓo maganin wata uku jiya, Anti Nas Allah Ya yi albarka. Na samu wata Navigator ta ba ni Talata ƙarfe goma, ta ce in tanadi wasiƙar sallama, takardar kuɗin marasa aiki, lambobin Social Security na mu uku da katin Hajiya. Maman Ihsan, na ji, zan kira yayanmu ranar Juma'a bayan an sauko. Saura tambaya ɗaya: likitan da ke duba ni shekara 11, in na koma Medicaid zan rabu da shi ke nan?

Anti Nas, Harlem:
Ba dole ba, Baba. Medicaid a nan ta hannun kamfanoni take bi, kai za ka zaɓi ɗaya. Ka kira ofishin likitan kafin Talata, ka ce wa mai ɗaukar waya ta karanto maka waɗanda suke karɓa, ka rubuta. Ka tambayi kantin maganinka ma. Sai ka zaɓi wanda ya fito a duka biyun, kuma ka sa Navigator ɗin ta duba ko irin insulin ɗinka na cikin jerin magungunan da suke biya.